Kada ka kankare ƙotar nan tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso ni tare da hotunan, na kuma amsa gaisuwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka gaje shi a kan alheri. Na karanta tambayarka sau biyu. Karon farko na yi murmushi, karo na biyu sai da gabana ya faɗi. Ka ce tunda takardun lasisi sun kammala, bindigar kakanka ta dawo hannunka, kana so ka sa samfefa ka kankare ƙotar ka shafa mata man sheƙi irin na kafintoci, ko kuma ka cire katakon ɗungurungum ka sa na roba. Kana kuma tambaya me ya sa tsofaffin maharba suke hana a taɓa tsohuwar ƙota, al'ada ce kawai ko da dalili a ciki.

Abin da ya ba ni murmushi shi ne, wancan wurin da ka zagaye da jan layi a hoto, ɓarin hagu na gaban ƙotar da ya fi sauran haske, wanda ka ce shi ne ya ɓata mata kyau, ni na yi shi da hannuna. Zan zo kansa.

Ka fara sanin abin da kake riƙe da shi. Wannan ƙirar Mauser ce ta 1898, wadda Paul Mauser ya fitar a garin Oberndorf na Jamus, kuma har yau yawancin bindigogin farauta masu sakata daga gare ta suka samo fasali. Ja sakatar ka duba gefenta, za ka ga wani dogon farcen ƙarfe. Shi ke cafke gindin harsashi tun yana tasowa daga gidansa, ba ya sakinsa sai ya jefar da kwanson waje. Saboda wannan farcen ne masu farautar manyan namun daji suka amince da ita, don ba ta cika sarƙewa a lokacin da rai ke kan siraɗi ba. Harsashinta 7x57 ne, wanda ya fito tun 1892, Turawan Ingila kuma suka laƙaba masa .275 Rigby. Irinta aka ba wani shahararren maharbi, Jim Corbett, kyauta a Indiya bayan ya kashe wata damisa mai ratsi-ratsi mai cin mutane a yankin Champawat a 1907. Katakon kuwa icen walnat ne. Masu ƙera bindiga sun zaɓe shi ne don yana da ƙarfi ba tare da nauyi ya yi yawa ba, yana shanye bugun harbi bai tsage ba, kuma yana karɓar sassaƙa.

Kakanka bai taɓa karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma ya san bindigar nan kamar yunwar cikinsa. Ina tuna shi zaune, ya kwantar da ita bisa cinya, ya ɗiga man linsid ɗigo biyu ko uku a tafin hannu, ya yi ta murza katakon har tafin ya yi zafi, sannan ya goge ragowar da tsumma. Bai taɓa wuce haka ba. In ka ce Baba ai man bai isa ba, sai ya ce, “Ice ba ya shan mai da ƙishirwa, da haƙuri yake sha.” Ka'idar da ya koya wurin nasa maigidan ita ce, sabuwar ƙota a shafe ta kullum har mako guda, sannan mako-mako har wata, sannan wata-wata har shekara, daga nan sau ɗaya a shekara iya rayuwar mutum. Tsumman kuma ba ya dunƙule shi ya jefa a lungu, shanya shi yake yi a fili, domin tsumman da ya sha man linsid yakan ɗau zafi da kansa har ya kama da wuta.

Ina da shekara 17 ya yi mini alkawarin harbin farko. Ya ce in ya dawo daga wata tafiya ta kwana biyar za mu shiga daji, ni zan ɗauki bindiga, ni zan harba. A kwanakin nan ne na ga wata sabuwar bindiga a hannun wani baƙo, ƙotarta na walƙiya kamar madubi, sai tamu ta yi mini duhu a ido, duk tabo, duk gurbin hannu. Na kwance kusoshin nan biyu masu murɗi da ke haɗa ƙarfe da katako, na raba su, na samo ɓallin kwalba na shiga kankara. Na fara da gaban ƙotar ta hagu, na bi har cikin kwarin da bututun ke kwanciya, don na ga datti ya taru a ciki. Da farin ice ya bayyana sai tsoro ya kama ni, na tsaya. Na shafe wurin da baƙin mai don ya ɓoye, na mayar da ƙarfen, na ɗaure kusoshin iya yadda hannuna ya ga dama. A tsakanin nan aka kwana biyu ana ruwa.

Da asuba muka fita, gari bai waye ba. Yana gaba ina biye, sai ya waiwayo ya ce, “Ka taɓa ta bayan tafiyata?” Na ce gogewa kawai na yi. Wannan amsar ta fi kankarar muni, kuma har yau in na tuna ta sai na nemi gafara.

Hantsi bai yi ba muka hango gwanki, namiji, ya ware daga garke yana kiwo a bakin wani fadamar ciyawa. Iska na busowa daga wajensa zuwa gare mu. Muka ja ciki har saura taki ɗari ko ƙasa da haka. Ya tsaya mini a gicciye, kansa na fuskantar hagu, babu abin da ya tare tsakaninmu. Kakanka ya ɗora hannu a kafaɗata ya raɗa mini, bayan kafaɗa, ƙasa kaɗan, kada ka fizgi kunama, matsa ta. Na dafa gwiwa, na sauke numfashi, na matsa. Na rantse maka saitina bai motsa ba. Amma ƙarar da ta dawo mana ba irin wadda ake so ba ce, wata lumtsattsiyar ƙara ce, gwankin ya ƙudundune baya, ya juya ya faɗa cikin ciyawa.

Da muka je wurin, kakanka ya durƙusa ya dangwali abin da ya zuba a ƙasa ya shinshina. Jini kaɗan ne, baƙi-baƙi, gauraye da ɗanyar ciyawa. Ya ce, “A ciki ka same shi.” Ya miƙo hannu, na buɗe sakata na ba shi bindigar, domin ba a taɓa miƙa masa ita a rufe ya karɓa ba. A lokacin rana ta fito sosai. Ya juya ta, ya kai babban yatsa kan wurin da na kankare, ya duba baƙin man da ya manne masa a yatsa. Bai dube ni ba, bai ce uffan ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka zauna kamar sa'a biyu kafin mu bi sawu, don dabbar da aka sama a ciki in an matsa mata sai ta yi ta gudu, in an bar ta takan kwanta. Daga nan muka bi. Ɗigo nan, karyayyen kara can, wani wurin sai mu ɓata rabin sa'a muna kewaya kafin mu sake ganin alama. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, ruwan gorarmu ya ƙare. Sau biyu muna tarar da makwancinsa da ɗumi, ya ji motsinmu ya tashi. Da magariba na ce Baba ko mu haƙura, ai ba banza ake masa kirari da sha bara ba. Nan ne kawai ya yi magana mai tsawo. Ya ce, “Wanda ya saki harsashi ya ci bashi. Ba a kwana gida da bashin rai.” A dajin muka kwana, ban runtsa ba. Washegari da hantsi muka same shi kwance a gindin wata itaciya, ya kasa tashi, yana dubanmu. Kakanka ya matsa kusa ƙwarai, kusan da ko bindigar ta karkace ba za ta kuskure ba, ya ƙarasa shi. Kwana da yini dabbar nan tana shan azaba a kan abin da ya kamata ya ƙare cikin ƙiftawar ido.

Bayan kwana biyu ya kafa allo a taki ɗari, ya kwanta ya harba sau uku. Duka ukun suka faɗa dama, wajen tafin hannu biyu daga inda ya auna. Sannan ya kwance ta a gabana ya nuna mini. Icen da na tsiraita ya sha danshin ruwan nan ya kumbura, ya tokare bututun ta hagu. Kusar gaba kuma na bar ta sakwa-sakwa, ta baya na ɗaure ta fiye da kima, ƙarfen bai zauna a mazauninsa ba. Ya ce, “Garin neman gira ka rasa ido.” Ya bar katakon ya bushe a inuwa, ya yi wata da watanni yana ciyar da wurin mai, amma ya ƙi ya rina shi ya daidaita da sauran. Ya ce a bar shi haka.

To ka ga, katako ko an sare shi shekara ɗari bai daina numfashi ba. Da damina ya kumbura, da rani ya tsuke. Tsohon man da ya shekara da shekaru yana shiga jikinsa shi ne ke rage masa wannan motsi, kai kuma da samfefa za ka cire shi cikin yini guda. Ba nan ta tsaya ba. Zanen ragar nan da ke wuyan ƙota da gabanta, da hannu aka sassaƙa shi layi-layi don kada tafi mai gumi ya zame, samfefa na bi ta kai ya shafe. Gefen icen da ya haɗu da ƙarfe kuma zai zaizaye, ƙarfen ya fito sama da katako, duk wanda ya san bindiga da kallo ɗaya zai gane an taɓa ta. Man sheƙin da kake so kuwa a sama yake zama kamar ɓawo, in ya tsage ruwa ya shiga ƙarƙashi ya rasa hanyar fita.

Masu tara tsofaffin bindigogi ma, waɗanda ban cika yarda da su ba saboda da yawansu sai su kulle abu a kabad ba ya ganin daji, a wannan gaɓar bakinsu ɗaya da kakanka. Wadda ba a taɓa ba, ko da tabo, ta fi musu daraja a kan wadda aka sabunta. Dubi Winchester ƙirar 70 ta Amurka, wadda ta fito a 1936. A 1964 kamfanin ya rage tsadar aiki, ya cire dogon farcen nan, ya koma danna zanen ƙota da inji maimakon sassaƙa, har yau masu nema na kafin 1964 suke bi. Da tsohuwar zuma ake magani, haka manya suka ce.

Ba zan yi maka ƙarya a kan roba ba. Ba ta kumbura, ba ta jin ruwa, wanda zai yi mako cikin damina tana da amfani gare shi. Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu shi ne komai sai ya yi kama da na cikin shago kafin ku ga kyansa. Kun fi sanin hoton bindiga da nauyinta a kafaɗa. A duk saƙonka ba ka tambaye ni ko tana da lafiyar harbi ba, ba ka tambayi inda take jefa harsashi ba, launi kawai ka tambaya. Mahaifinka kuma ya yi shekaru bai fita da ita ba kafin rasuwarsa.

Don haka ga abin da nake so ka yi kafin komai. Duba lambar da ke jikin sakata, ka ga ko ta yi daidai da ta jikin bindigar, domin sakatar wata in ta shiga wata takan bar rata a bayan harsashi, kwanso ya fashe kusa da fuskar mutum. Cire sakatar ka leƙa bututun ta wajen haske. Tsofaffin harsasai na soja suna barin wani gishiri a ciki wanda mai ba ya narkar da shi, ruwan zafi kakanka ke zubawa sannan ya busar ya sa mai, ban sani ba ko an ci gaba da yin haka bayansa. Duba bayan ƙarfen, inda wuyan ƙota ya fara, ko akwai siririyar tsaga. Na ga a hoton wurin ya yi baƙi ƙwarai, alamar an daɗe ana jingine ta baki sama, man ƙarfe yana gangarowa cikin ice yana laushe shi. Daga yau ka riƙa ajiye ta baki ƙasa, a kulle, harsashi a wani wuri dabam. Kada ka harba ta sai maƙerin bindiga mai takardar aiki ya auna ta.

In ka samu hutu ka zo da ita. Akwai wani gurbi a gefen dama kusa da gindi wanda bai fito a hotonka ba, na mahaifinka ne, labarinsa ba na rubutu ba ne. Ina da sauran man linsid a kwalba, zan nuna maka yadda ake murzawa. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. In za ka miƙo mini ita, ka buɗe sakatar tukuna.