Amsa: Me ya faru a shekarar 1492 ban da tafiyar Kolombus?

Malam, ka tambaya ko tafiyar Kolombus, matuƙin jirgin ruwan da ya tsallaka teku daga Sifaniya zuwa nahiyar Amurka, ita ce kaɗai abin tunawa a 1492. A'a, shekarar cike take.

Tun ranar 2 ga Janairu birnin Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ya faɗa hannun Sarki Fardinan da Sarauniya Isabela, bayan Sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullan fadar Alhamra. Wannan ya zo daidai da Rabi'ul Awwal na 897 bayan Hijira. Ranar 31 ga Maris kuma Fardinan da Isabela suka ba Yahudawan Sifaniya zaɓi: su koma Kirista ko su bar ƙasar. Da yawa Daular Usmaniyya ce ta karɓe su. A ganina waɗannan biyun sun fi tafiyar Kolombus girgiza mutanen wancan zamani.

Kolombus ya bar tashar Palos ranar 3 ga Agusta da jiragen ruwa uku, ya isa tsibiran Bahamas ranar 12 ga Oktoba.

Mace-mace: Lorenzo na gidan Medici, mai mulkin birnin Florence a Italiya, ya rasu a Afrilu, Paparoma Innocent na Takwas a Yuli, aka naɗa Alexander na Shida a Agusta. A nan yankinmu Sonni Ali na Songai ya rasu a ƙarshen shekarar, Askiya Muhammadu ya ƙwace mulki a 1493, lokacin Muhammadu Rumfa na sarautar Kano.

Ka kula da kwanan wata: ban da na Hijira, duk lissafin kalandar Juliyan ne, wato tsohuwar kalandar Turawa. In za ka mayar kan ta yau, ƙara kwana 9, 12 ga Oktoba ta zama 21.