Amsa ga mai tambaya kan yaƙin hamada a tebur: kada ku bar Turawa su tsaya wuri ɗaya

Ɗan'uwa, ka ce ku huɗu ne, kun sayi 'yan ƙananan mutum-mutumin sojoji don wasan yaƙin Mahadi na Sudan a kan tebur, kun buga sau uku, kuma duk ukun mai riƙe da Turawan Ingila ne ya ci, har abokinka mai riƙe da Ansaru, wato mayaƙan Mahadi, ya ce shi ya gaji da kwashe gawa. Kana tambaya ko littafin ƙa'ida za ku canza, ko sojoji za ku ƙaro. Ni dai a ganina ku dakata da kashe kuɗi tukuna, matsalar tana kan teburin ne.

Mu ma haka muka fara, shekara bakwai ke nan. Muka shimfiɗa ƙyalle mai launin yashi, muka jera Turawa a tsakiya cikin murabba'i, kowane ɓangare na fuskantar waje, sannan muka ce wa Ansaru bismillah, ku taho. Kafin su ci rabin tebur an gama da su. Muka zargi ƙa'idar, alhali gaskiya ta faɗa mana. Abin da muka shirya ba tare da mun sani ba shi ne Karari, wato yaƙin Omdurman na 2 ga Satumba 1898, inda Kitchener, kwamandan sojan Ingila da Masar, ya jingina da kogin Nilu, jiragen ruwa masu igwa na bayansa, bindigogin Maxim na gabansa, rundunar Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, kuma ta taho ta fili fetal. Ansaru kusan dubu goma suka mutu a safiyar nan, waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener kuwa ba su kai hamsin ba. Duk wanda ya maimaita wannan a tebur, abin da zai gani ke nan, ko da wace ƙa'ida ya buga.

Ku koma baya zuwa 1884 da 1885, can wasan yake. A Tamai, 13 ga Maris 1884, Janar Graham ya taho da murabba'i biyu. Sojojin da ke sahun gaba na ɗaya daga cikinsu suka zabura suka bar giɓi, mutanen Usman Digna, 'yan ƙabilar Hadandawa, suka ɓullo daga cikin kwari suka afka ta wannan giɓin, har suka ƙwace bindigogin sojan ruwa na ɗan lokaci. A Abu Kilya kuwa, 17 ga Janairu 1885, ayarin Herbert Stewart yana tsallaka hamadar Bayuda daga Korti zuwa Matamma don ceto Janar Gordon da aka yi wa ƙawanya a Khartum. Ƙishi ya tilasta musu tafiya zuwa rijiyoyi, raƙuma a tsakiyar murabba'in suna jan ƙafa, kusurwar baya ta buɗe, bindiga mai jigida ƙirar Gardner da aka turo waje ta cije, Ansaru suka shiga ciki. Cunkoson raƙuman nan ne ya tare su. Duka faɗan bai wuce kwata na awa ba. Ka lura, a duka biyun Turawa tafiya suke yi, kuma ba su ga abokin gaba ba sai da ya iso.

To a kan wannan muka gina namu tsarin. Turawa ba sa cin wasa don sun kashe mutane da yawa. Suna ci ne idan sun kai raƙuman kaya bakin rijiya a ɗaya ƙarshen tebur kafin zagaye na goma sha biyu. Muna ba su 'yan duwatsu goma a matsayin salkunan ruwa, kowane zagaye a ɗauke ɗaya, raƙumi kuma in ya faɗi ya tafi da ɗaya. Idan duwatsun suka ƙare, harbi da tafiya duk su ragu. Wannan daga abin da ya sami Hicks Pasha, Baturen da ya jagoranci sojan Masar, muka ɗauko shi, wanda ƙishi ya gama galabaitar da rundunarsa kafin a murƙushe ta a Shaikan cikin Nuwamba 1883. Da zarar mutum ya ga duwatsunsa saura huɗu, da kansa zai fasa murabba'in nan da yake taƙama da shi.

Su kuma Ansaru ba ma ɗora su a tebur da farko. Mai riƙe da su yana ajiye 'yan katuna a kife, a cikin kwari, bayan duwatsu, cikin ƙaya. Wasu katunan runduna ce, wasu babu komai a ƙarƙashinsu. Sai ɗan leƙen asiri ya matso tazarar inci takwas ake buɗewa. Saboda haka tebur na bukatar tarkace sosai: kwari aƙalla biyu da suka ratsa shi, tuddai, kurmin ƙaya. Mu da kwali da soso da yashi da gam muka yi namu, ƙayar kuma tsohon burushin wanki muka yayyanka muka fesa masa fenti. Rundunar Ansaru da aka tarwatsa tana iya dawowa ta gefen tebur idan ƙwayar lido ta ba da biyar ko shida, ka ga ba sai kun sayi ɗaruruwa ba. Bindiga mai jigida kuma, duk harbin da ya fito da ɗaya sau biyu, ta cije, sai an ɓata zagaye ana gyara.

Akwai wani dare da ba ma mantawa. Abokinmu da ya fi kowa tsantseni ya kawo ayarinsa har saura taku biyu ya isa rijiya, bai rasa ko raƙumi ɗaya ba, yana ta murmushi. Kati ɗaya ya rage a kife a bakin kwari, ya ce ai wannan fanko ne, tunda uku da ya buɗe a baya duk fanko ne. Ya turo Gardner ɗinsa waje don ya share hanya. Na juya katin, masu mashi talatin. Ya girgiza ƙwayoyi a tafin hannu ya fi minti ɗaya, ya watsa, ɗaya da ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, sai wani ya fashe da dariya har ya ture tudu da gwiwar hannu. Ya kai rijiyar dai daga ƙarshe, da raƙumi biyu cikin takwas, muka yi ta musu har tsakar dare kan ko wannan ci ne.

Tunda ku huɗu ne, ku raba biyu-biyu, kuma a ba kowa burinsa a rubuce a ɓoye. Hafsa ɗaya raƙuma ne damuwarsa, ɗayan suna yake nema, sai ya ƙwace tuta. A ɓangaren Ansaru ɗaya ya riƙe masu takobi da mashi, ɗaya ya riƙe jihadiyya masu bindigar Remington da aka ƙwace daga sojan Masar. Rashin jituwar abokan tafiya ya fi kowace ƙa'ida kawo daɗi. Kuma ku riƙa musayar ɓangare kowane mako. Ni na fi son riƙe Ansaru, don mutanen nan ƙasarsu suke karewa, kuma ba na son teburin da ya mai da su abin gwajin bindiga kawai.

Batun littafi, wanda kuke da shi zai yi. In kuna son mai sauƙi, The Men Who Would Be Kings na kamfanin Osprey ba ya bukatar sojoji da yawa, ana gama wasa cikin awa biyu. Wajen girman sojojin kuwa, milimita 28 ya fi kyau a ido da sauƙin fenti, 15 kuma ya fi ba hamada faɗi a ƙaramin tebur. Kada dai ku haɗa biyun.

Wajen fenti, kada ka sa wa Turawanka jar riga. A yaƙe-yaƙen nan toka-toka da kaki suka fi sawa, jar kuwa sai jefi-jefi, kamar a yaƙin Ginnis, ƙarshen Disamba 1885. Jibbar Ansaru fara ce mai faci-faci masu launi, amma farar kada ta yi fes. Ka fara da ruwan ƙasa mai haske, ka bi da fari sama-sama da busasshen burushi, sannan facin shuɗi da ja da baƙi. Hadandawan 1884 kuwa yawancinsu mayafi ne kawai a ɗaure, da tulin gashi da garkuwar fata mai zagaye, don haka su ne suka fi saurin gamawa. Da su za ka fara, talatin sun isa wasanku na gaba.