Muryar Oga a gurup ɗin masu hoto: 2000D a kwali ko 80D ta hannu?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da murya zan yi, wannan magana ta fi ƙarfin babban yatsa. To ƙanena mai tambayar ɗazu, na ga saƙonka. Ka ce kuɗinka sun isa sabuwar kyamarar Canon 2000D a kwali da ɗan lens ɗinta mai zuƙowa 18-55, ko kuma ka tattara duk abin da ka mallaka ka ɗauki 80D ta hannu, ita ma Canon, bodi zalla ba lens, wacce ta fi. Na ga kuma an yi ta jefo maka amsa. Wani ya ce ai duk megafiksel 24 ne, ka sayi mai araha. Wani ya ce ka yi haƙuri ka tara ka sayi ful-firem, wato masu babbar sensa, abin nan da ke kama hoto a cikin kyamara. Kai mai cewa ful-firem, Allah ya shirye ka, yaro yana neman inda zai sa ƙafa, kai kana tura shi inda ko kai ba ka je ba.

Ni fa na gane abin da kake tambaya. So kake ka daina riƙe wa mutane fitila ka fara karɓar biki da kanka, kuma kunya kake ji ka shiga hol da ƙaramar kyamara a wuya, 'yan'uwan amarya su yi maka kallon ɗan koyo. Shi ne maganar, ko ba haka ba? To a kan wannan zan ba ka amsa.

Da farko dai, wanda ya ce duk 24 ne bai yi ƙarya ba. In ka fita waje da hantsi, ka tsayar da mutum a inuwar bishiya, ka ɗauke shi da su biyun da lens iri ɗaya, ka wanke hoto mai girman inci 5 da 7, wallahi ko a cikinmu nan kaɗan ne za su ware maka wanne ne wanne. Amma wa ya ce maka da hantsi ake biki? Kamu bayan la'asar ne zuwa magariba, dina kuwa sai an yi isha'i, amarya ta makara, a shigo da ita ana rawa, an kashe manyan fitilu an bar shuɗi da ja suna yawo a fuskar mutane, ga hayaƙin nan da suke saki a ƙasa. A nan ake sanin kuɗin 80D ina suka tafi. Ita 2000D ɗigon fokas, wato wuraren da take kama mutum ya fito tar, 9 ne da ita, kuma na tsakiya ne kawai abin dogaro. 80D tana da 45. Waccan hoto 3 take yi a daƙiƙa, wannan 7. Amarya tana tahowa, kai kana ja da baya, lens yana ta shiga yana fita yana neman ido, kafin ya kama ta wuce ka, sai ƙeyar ƙawayenta. Ba za ka ce a maimaita shigowa ba.

Sai batir. Ƙaramin nan LP-E10 na 2000D, a takarda ma hoto wajen 500 aka rubuta masa. LP-E6N na 80D an rubuta 960, kuma tana cin LP-E6 ɗin da ke 60D, 70D, 6D, 5D Mark III, duk wanda ka tarar a fili a cikinmu zai iya ara maka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar ɗaurin aure a ƙauyen da ba wuta. Sannan ita 80D tana da abin juyawa biyu na saita haske, ɗaya a yatsa ɗaya a baya. Ka san ango da farar shadda ta sha bugu tana walƙiya a rana, fuskarsa kuma baƙa, abokai sun kewaye shi ana ta musabaha a ƙofar masallaci? In ka bar wa kyamara ta zaɓa, ko ta ƙona shaddar aikin wuyan ya ɓace, ko ta mayar da fuskar gawayi. Dole hannunka ya riƙa canzawa ba tare da ka ɗauke ido ba. A ƙaramar sai ka danne wani maɓalli sannan ka juya, kafin nan liman ya shafa fatiha an watse. Tana kuma da abin nan na gane ƙiftawar fitila, wanda ke rage maka matsalar hoto ɗaya ya fito kore na bayansa ya fito ruwan ɗorawa a ƙarƙashin fitilun hol. Ga wurin sa makirfo in za ka ɗan haɗa da bidiyo, 2000D ba ta da shi sam. Allonta ma a manne yake, ba ya juyawa.

To ka ji kamar na ce ka sayi 80D ko? Ban ce ba. Tsaya tukuna.

Ka ce bodi zalla. Da me za ka ɗauka? Za ka je ka ari 18-55 ɗin wani ka ɗaura mata, shi ke nan ka zama babban mai hoto? Wannan lens ɗin in ka zuƙo shi zuwa 55, f/5.6 yake komawa, wato ƙofar shigar haskensa ta tsuke. Ɗan 50mm f/1.8 ɗin nan da kuke rainawa, hasken da yake shigarwa ya kusa ninki 10 na wancan. Ninki 10 fa! Ba bodin da zai cike maka wannan ramin a kuɗin da kake magana. Ga filasha ba ka da ita, ga kati, ga batir na biyu, ga jaka. Ka sayi doki ka rasa kuɗin sirdi da dawa, ka ɗaure shi a ƙofar gida mutane su riƙa cewa ma sha Allah.

Kuma maganar kunyar nan, bari in gaya maka, ni na sha ta, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Lokacin 600D ce a hannuna, da 50 ɗina da filasha ɗaya ta manuwal. Dangin amarya suka ɗauke ni dina, an ba ni rabin kuɗi. Ina shiga, wani Alhaji, kawun ango ne wai, ya tare ni a bakin ƙofa, ya dubi wuyana, ya dube ni, ya ce, “Yaro, ina babbar?” Na ce ranka ya daɗe wannan ce. Ya ce a bikin ɗansa? A gaban mutane fa, har da masu raba abinci. Nan take ya sa aka kira masa wani, ya zo da bodi an ɗaura masa mariƙin batir a ƙasa ya yi kumburi, da dogon zum 75-300, ya sa masa hular gaba don ya ƙara tsawo. Aka ba shi gaban fili, ni aka ce in koma gefe wajen lasifika kar in tare masa. Wajen lasifika! Kunnena ya kwana yana ƙara. Shi kuma mutumin, ba na zaginsa, neman abinci ya zo, amma me 75-300 zai yi a hol da dare? Yana can nesa yana harba ƙaramar filashar kan kyamara, haske ko rabin hanya ba ya kai wa. Da aka zo karɓar aiki, nasa duk sun girgiza, amarya kamar aljana ta gifta. A wurina aka haɗa albam ɗin gaba ɗaya, har babban firem ɗin da ke falonsu nawa ne, na kuma san yana nan don an turo min shi a bayan hoton suna. To ka ce Alhajin nan ya kira ni ya ce yaro ka yi haƙuri? Ko cikon kuɗina, da aka ce shi zai bayar tunda ya shigo da nasa mutum ya rikita lissafi, yau ne gobe ne, ya yi tafiya, ya dawo ba ya jin daɗi. Har yanzu muna haɗuwa a wajen jana'iza ko ɗaurin aure, ya ɗaga min hannu ya ce “Mai hoto, ya aiki?” Ko sunana bai riƙe ba. Ni ba kuɗin ne ma suka dame ni ba, wallahi na yafe... a'a, ban yafe ba, kar in yi ƙarya da daren nan, yana nan a rubuce.

Ina muka tsaya? Yawwa. Irin su Alhajin nan ba za su ƙare ba, kuma 80D ba za ta rufe musu baki ba, don gobe wani zai ce ina farin lens, irin manyan nan masu tsada na Canon. In girman kawai kake so, sayi mariƙin batir da hular lens, kuɗinsu kaɗan ne, kowace kyamara ka sa wa sai ta yi ƙiba. Da gaske nake, akwai masu yin haka a gurup ɗin nan, sun san kansu.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Ba zan sayi 2000D sabuwa ba. Kuɗin kwali da leda za ka biya, ranar da ka buɗe ta darajarta ta faɗi, kuma ba za a daɗe ba za ka ji ta matse ka. Sannan akwai abin da ba a gaya wa mutane: da yawa daga cikinta, da ita da 4000D, an yi su ba ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha. Ka duba saman, in ba ka ga babban ɗigon ƙarfe a tsakiya ba, filasha ta manuwal irin masu arahar nan da muke fara aiki da su ba za ta tashi ba. Ba ta kuma karkaɗe ƙurar sensa da kanta, mu kuwa da hunturu ka san yadda muke, ka canza lens sau ɗaya a filin hawa ka dawo da ɗige-ɗige a sararin sama.

Zan nemi ta tsakiya ta hannu. 70D in ta samu, ta 2013 ce, megafiksel 20, batir babba, abin juyawa biyu, fokas ɗinta na bidiyo mai kyau ne. In kuɗin ba su kai ba, 60D, ko ma 700D, ba abin kunya ba ne. 60D da 600D ai kusan sensa ɗaya ne, 18 da 18, jiki ne da batir suka bambanta su. Ragowar kuɗin kuma lens da haske. Sai dai ka kula, 50 a kan waɗannan ƙananan sensa ana ninka shi da 1.6, ya zama kamar 80 a ful-firem, wato ya ƙara matse fili. A ɗakin amarya, ga gado ya cinye rabin ɗaki, ga sif, ga gwaggwanni sun zauna a kan kafet ba mai niyyar tashi, za ka yi ta ja da baya har ka bugi madubi ba ka samu mutum uku a hoto ba. Don haka in son samu ne 17-50 f/2.8 na Sigma ko Tamron, shi ne lens ɗin cin abinci, ka ƙara 50 daga baya don hoton amarya ita kaɗai. Filasha ɗaya ta kirki, Godox ko Yongnuo, ka koyi harba ta a silin ko bango maimakon goshin mutane. In ka samu 80D ɗin da kuɗin da zai bar maka canjin waɗannan, to bismilla, ɗauke ta, ta fi su duka. In ba zai bari ba, ka bar ta.

Abu ɗaya da zai sa in ce mutum ya ƙure kansa ya hau sama shi ne kati biyu, kyamara tana rubuta hoto a wuri biyu lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Kuma ita 80D tana da... a'a, tsaya, ɗaya ne da ita. Ɗaya ne. 7D Mark II ce mai biyu, da 5D Mark III. 6D ma da ake ta yi wa kirari ɗaya ne. A Nikon kuwa D7100 da D7200 duk biyu ne, shi ya sa ban taɓa raina su ba. Af, kai mai D3200 da ka sa baki ɗazu, kar ka sayi tsohon 50 mai harafin D a ƙarshe don ka ga araha, bodinka ba shi da motar juya shi, da hannu za ka yi ta fokas. Mai G za ka nema. To tunda kati ɗaya za ka rayu da shi, ka sayi na gaske a wurin wanda ka sani, jabu sun cika kasuwa, kuma gara mai 32GB guda biyu da mai 64GB guda ɗaya. Ana gama kamu ka cire ka sa a aljihun gaba, ka sa wani.

Maganar sababbin kyamarori marasa madubi a ciki kuma, su Canon R da Sony, na san wani zai taso da ita. Lens ɗin EF dai, wato irin na waɗannan Canon ɗin da muke magana, yana hawa R da adafta, ba asara za ka yi ba. Sauran... kai, bar shi, wannan wani daren ne.

In za ka je dubawa kar ka je kai kaɗai, kuma kar ka yarda da “daga Landan ta zo, wata tsohuwa ce ke ɗaukar jikokinta.” Kowace kyamara a kasuwa tsohuwar nan ce mai ita. Ka tafi da katinka da kwamfuta a duba adadin harbin shata, wato yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, don Canon ba ta nuna shi a jikin hoto kamar Nikon, sai an jona ta. Irin su 70D da 80D harbi 100,000 aka ƙiyasta musu, in ka ga ta kusa can ka san me kake saya, a rage maka ko ka bari. Ka rufe lens zuwa f/16 ka ɗauki farin bango ka zuƙo ka ga datti. Ka haska tocilan a cikin lens, in ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo fumfuna ce, kayan da suka zauna a wuri mai laima suna yin ta, ajiye musu abinsu. Ka ɗora filasha ka harba, ka juya kowane maɓalli, ka ɗaga allon ka karkata shi ka ga ko yana ɗaukewa. Wanda ya ce ba a gwadawa sai an biya, yi masa sallama.

Kuma don Allah ka faɗi ainihin nawa ne a hannunka, a nan gurup, ba ka bi ni ta gefe ba. Dala ta hana a yi wa kaya farashi daga zaune, amma akwai masu shirin sakin 70D a cikinmu, na san mutum biyu, sai su yi magana da bakinsu. Sai da safe.