Kuɗina ne, amma a hannun ƙanena aka kama

Tambaya: Malam, na ba ƙanena dala 14,000 ya sayo mini kaya a Dubai, jami'ai suka ƙwace a filin jirgi a nan Gana don bai bayyana su ba. Ni da ba a kama a hannuna ba, ina da bakin magana a kotu? Daga wata Hajiya, Nima, Akra.

Amsa: Hajiya, kina da shi, muddin kin nuna cewa dukiyarki ce. Kotu ba ta sauraron mutum don zumunta. Abin da take tambaya shi ne: mene ne haƙƙinka a cikin kuɗin? Ƙanenki yana da nasa bakin a matsayin wanda aka damƙa wa amana, amma ke ce mai asalin haƙƙi.

Ƙa'idar Babban Bankin Gana ita ce a bayyana duk abin da ya haura dala 10,000, don haka an yi kuskure tun farko. Sai dai kamawa daban, mallakewar gwamnati daban.

Ki fara karɓo takardar shaidar kamawa. Ki haɗa rasidin wurin canji mai lasisi, bayanan asusun banki da rajistar kasuwancinki, lauya ya shigar da buƙata a Babbar Kotu tare da rantsuwarki a rubuce. Nan ne masu canji a bayan fage suke faɗuwa, don ba su da rasidi.

A kula da wa'adi, jinkiri kan sa a ɗauka ba mai nema. Kuma ku daidaita da gaskiya: idan ƙanenki ya riga ya rubuta cewa nasa ne, sai kin bayyana dalilin saɓanin.