Tsakuwar matsarmama bayan haihuwa: ciki ne ya jawo ko ƙwayoyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 36, haihuwata shida. Tun haihuwar ƙarshe nake fama da ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, musamman in na ci abu mai maiƙo. Na sha maganin olsa har na gaji, sai sikanin ya nuna tsakuwa a matsarmamata. Haihuwa ce ta jawo min, ko ƙwayoyin tazarar haihuwa da nake sha?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Na fi karkata ga haihuwar, ga kuma dalili.

Matsarmama jaka ce da ke ajiye ruwa mai ɗaci da hanta ke haɗawa don narkar da maiƙo. Sinadaran mace guda biyu suna taɓa ta. Istirojin yana sa hanta ta zuba kolestarol (wani nau'in kitse) mai yawa cikin ruwan, har ya fi ƙarfin abin da zai iya narkarwa. Furojestiron kuwa yana kashe wa jakar jiki, ba ta matsewa ta juye abin da ke cikinta sosai. Kamar kunun da ya yi kauri aka bar shi a kwano, sai ya kwanta ya yi gudaji. A lokacin goyon ciki duka biyun suna hauhawa, ke kuma sau shida jikinki ya bi wannan hanya. Shi ya sa mata suka ninka maza kusan sau biyu a wannan ciwo. Wani lokaci laka da ƙananan tsakuwa sukan baje da kansu bayan an sauka, amma manya zama suke yi.

Ƙwayoyin tazara na yanzu istirojin ɗinsu kaɗan ne, haɗarin da suke ƙarawa ma kaɗan ne. Kada ki ajiye su da kanki, domin sabon ciki ya fi su tayar da ciwon. Ki gaya wa masu ba ki, akwai hanyoyi marasa istirojin kamar robar mahaifa. Wanda aka fi tabbatar da illarsa shi ne istirojin na haɗiya da ake ba matan da al'ada ta ɗauke musu. Babban binciken lafiyar mata na Amurka da ya fito a 2005 ya nuna hakan.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda duk ciwon saman ciki ake ce masa olsa, mace ta shekara tana shan maganin da ba nata ba. Tunda taki tsakuwar ta fara ciwo, ki ga likitan tiyata. Cire jakar shi ne magani, ana kuma rayuwa ƙalau ba ita. In ba ki san jininki ba ki auna, masu sikila suna yin tsakuwa ta wani dalili daban. Kafin nan ki rage soye-soye, kada kuma ki yi ramar gaggawa da shayin rage ƙiba, ita ma tana haifar da tsakuwa. Idan ciwon ya wuce awa shida, ko zazzaɓi ya shigo, ko idonki ya yi ɗorawa, ko tsakar dare ne ki tafi asibiti.