Zan Sayar Da Babban Gida In Koma Ƙarami: Ina Makomar Wasiyyata?

Tambaya: Lauya, shekaruna 68, kuma ni da matata kaɗai muka rage a gida mai ɗaki bakwai bayan yara sun kama gabansu. Hawa bene ya fara gagarata, kula da gidan ma ya yi mana nauyi, shi ya sa nake son in sayar da shi in sayi ƙarami. Ina da 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu, da ɗan ƙanena maraya wanda na riƙe tun daga yaye. Shekara tara da suka wuce na rubuta wasiyya cewa sashen baya na gidan nasa ne bayan raina. Ina so in ba yara wani abu daga rarar kuɗin, kuma ina so matata ta zauna a sabon gidan ba mai tayar da ita. Shin tsohuwar wasiyyar ta wadatar?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya kuma saka maka da alheri kan riƙon maraya. Amsar a taƙaice ita ce ba ta wadatar ba, kuma ranar da ka sa hannu a takardar cinikin gidan, abin da ka yi wa yaron nan tanadi zai faɗi ba tare da kowa ya yaga takardar ba.

Dalili kuwa shi ne ka yi wasiyya da abu ayyananne, wato sashen baya na wani gida da aka sani, ba da wani kaso na dukiyarka ba. Wasiyya ba ta fara aiki sai mai ita ya cika, kuma a wannan ranar ake duba abin da ya mallaka. Idan abin da ya ambata ya riga ya fita daga hannunsa, kyautar ta tafi tare da shi, kuma a galibin lokuta wanda aka yi wa ita ba shi da ikon cewa a biya shi daga kuɗin cinikin ko a ba shi ɗaki a sabon gida. Haka abin yake a dokar Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta, malaman fikihu ma suna ɗaukar sayar da abin da aka yi wasiyya da shi a matsayin janye wasiyyar. Ka lura kuma cewa ɗan ƙanenka ba ya cikin magadanka a Shari'a muddin kana da ɗa namiji, saboda haka idan wasiyyar ta faɗi, ba shi da wata ƙofa sai tausayin 'yan'uwansa.

Gyaran ba shi da wuya. Ka rubuta sabuwar wasiyya wadda za ta faɗa a layinta na farko cewa ta soke duk wadda ta gabace ta, sannan ka ambaci rabonsa da kaso, kamar ka ce kashi ɗaya cikin goma na abin da ka bari bayan an biya bashi. Kaso yana bin dukiya duk siffar da ta koma, ko gida ce ko kuɗi a banki, kuma ba za ka sake neman lauya ba duk lokacin da ka sayar da wani abu. Iyakarka a Shari'a ita ce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da ka bari, kamar yadda Annabi (SAW) ya faɗa wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, har ya ƙara da cewa sulusin ma yana da yawa. Ta fuskar tsari, dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda ƙasashe da dama suka kwafa, ta buƙaci a rubuta, ka sa hannu a gaban shaidu biyu da suke tare a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabanka. Kada yaron ko matarsa su zama shaidu, domin a ƙarƙashin wannan doka shaida da abokin aurensa suna rasa abin da aka bar musu.

Maganar uwargida ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka, kuma a kanta nake so ka fi tsayawa. Idan iyayenka ba su raye, kuma aka raba abin da ya rage bayan bashi da wasiyya kashi 48, ita tana da 6, wato sumuni, kowane ɗa namiji yana da 14, kowace 'ya mace tana da 7, bisa abin da ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12. A gida mai ɗaki bakwai ana iya yanka mata sashe ta zauna abinta, amma gida mai ɗaki biyu ba ya yankuwa, kuma idan magaji ɗaya ya matsa sai an ba shi rabonsa, ƙarshen maganar shi ne a yi wa gidan ƙima, wanda yake da hali ya biya saura, ko kuwa a sayar. Na taɓa zama da wata dattijuwa a ofishina, makullin gidan yana ɗaure a bakin mayafinta, tana ta maimaita cewa mijinta ya ce nata ne, alhali babu takarda ko shaida ɗaya da za mu kai gaban alƙali. 'Ya'yan ba mugaye ba ne. Ɗaya daga cikinsu bashi ne ya sha masa kai.

Ba za ka magance wannan da rubuta mata gidan a wasiyya ba, domin babu wasiyya ga magaji sai idan sauran magada sun amince bayan rasuwa, kuma bai kamata ka jingina matsugunin matarka da amincewar da ba ka nan lokacin da za a neme ta ba. Cewa da baki "na ba ki gidan" ma yana da tarko. Kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kuma malaman Malikiyya sun yi bayani cewa idan miji ya ba matarsa gidan da suke ciki ya ci gaba da zama, ba a ɗaukar wannan a matsayin hauzi, tun da dama shi ne wajibin ya zaunar da ita. Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce a fara da haƙƙinta: idan ta sa kuɗinta a ginin tsohon gidan, ko tana binka bashi ko ragowar sadaki, a lissafa a biya ta daga kuɗin cinikin, a rubuce. Idan kana so ka ƙara mata, ka ba ta kuɗi su shiga asusunta da sunanta, sannan ta saya da kanta, ko gidan duka ko wani kaso sananne a cikinsa, a rubuta sunanta da kasonta a takardar mallaka. Abin da ta saya da kuɗinta nata ne, ba ya shiga gadonka. Sai dai ka sani idan ita ta riga ka, kasonta zai shiga nata gadon, kai kuma rubu'i za ka samu a ciki idan tana da 'ya'ya.

Idan za a sa sunayenku biyu, ka tambayi lauyan da zai rubuta takardar wane irin tarayya ya rubuta. A tsarin Ingila akwai tarayyar da idan ɗaya ya rasu gidan yake komawa ga wanda ya rage kai tsaye, ba ya bi ta wasiyya ko rabon gado, akwai kuma wadda kowa yake da kasonsa da magadansa za su gada. Jimla ɗaya ce take bambanta su, kuma mutane da yawa ba su san wadda suka sa wa hannu ba.

Game da rarar kuɗi, kana da ikon yin kyauta da dukiyarka muddin kana da lafiya da hankali, amma ka yi adalci tsakanin yara, domin Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida lokacin da mahaifin Nu'uman bin Bashir ya keɓe shi da kyauta ban da 'yan'uwansa. Ka rubuta a kan kowane kuɗi ko kyauta ce ko rance, saboda rance bashi ne da zai dawo cikin dukiyar gado. Kada ka jinkirta har ciwo ya kwantar da kai, domin kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Shawarata kuma, wadda ba ta doka ba ce, ita ce kada ka raba har ka taɓa abin da zai riƙe ku idan jinya ta zo. Haraji ya danganta da ƙasar da gidan yake. A Birtaniya, alal misali, kyautar da aka yi cikin shekara bakwai kafin rasuwa ana lissafa ta wajen harajin gado, don haka a bincika kafin a tura kuɗi.

Kayan da ba za su shiga sabon gida ba su ma dukiya ce. Kafin motar kwasar kaya ta zo, ku zauna da uwargida ku rubuta abin da yake nata, abin da ka ba wani ya ɗauka, da abin da ka ba shi ajiya kawai, kowa ya sa hannu a gefen sunansa.

Ka kuma naɗa wasiyyi amintacce, wato wanda zai zartar da wasiyyar bayan ranka, a sabuwar takardar, sannan ka yi takardar wakilci ga wanda zai kula da asusunka idan rashin lafiya ta hana ka. Wakilci yana ƙarewa da rasuwarka, kuma a wurare da dama na yau da kullum yana faɗuwa idan hankali ya gushe, shi ya sa Ingila ta samar da nau'i mai ɗorewa a dokarta ta 2005. Ka tambaya ko akwai irinsa inda kake. Sabuwar wasiyya da biyan haƙƙin uwargida su riga sa hannu a cinikin, ko su zo rana ɗaya da shi. Asalin takardun ka ajiye su wurin lauya ko wurin rajistar wasiyya, ka ba uwargida da wasiyyi kwafi, kada su shiga cikin kwalayen ƙaura.