Matata 'yar Poland ce, za mu rabu a Hamburg: ina makomar katin zamana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan Najeriya ne mazaunin Hamburg. Shekara huɗu ke nan da aurena da wata 'yar ƙasar Poland mai aiki a nan, kuma ta dalilinta aka ba ni katin zama na shekara biyar. Shekarata uku a Jamus, ina aiki a wani sito. Zama ya ƙi daɗi, wata takwas ke nan kowa na ɗakinsa, har na furta mata saki. Yanzu ta ce za ta tattara ta koma garinsu. Ba mu haihu ba. Abokai suna cewa da zarar an rabu za a karɓe katin. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba haka maganar take kai tsaye ba. Kana da hanyar riƙe zamanka, kuma bisa abin da ka faɗa ka cika babban sharaɗin. Abin da zai iya ɓata maka lissafi shi ne wannan tafiya da ta ce za ta yi.

Abokanka sun haɗa dokoki biyu ne. Wanda ya auri Bajamushiya a Jamus yana ƙarƙashin dokar zama ta cikin gida, sashe na 31, inda ake ƙirga shekara uku na zama tare a matsayin miji da mata a cikin Jamus, kuma ranar da aka raba gida lissafi ya tsaya. Kai kuwa matarka 'yar wata ƙasar Tarayyar Turai ce da ta zo aiki Jamus, don haka dokar Tarayyar mai lamba 2004/38 ce take kanka, wadda Jamus ta shigar cikin dokarta ta Freizügigkeitsgesetz. Ita wannan ta fi sauƙi. Sashe na 13 na dokar Tarayyar ya ce saki ba ya ƙwace wa baƙo haƙƙin zama idan auren ya kai shekara uku kafin a shigar da ƙarar saki a kotu, kuma aƙalla shekara ɗaya daga ciki an yi ta a ƙasar da ake zaune. Auren ake ƙirgawa, ba kwana ɗaki ɗaya ba. Tun 1985 Kotun Turai da ke Luxembourg ta yanke wannan a shari'ar Diatta, wata 'yar Senegal da ta auri Bafaranshe suka zauna a Berlin, daga baya ta kama nata gidan. Kotu ta ce muddin hukumar da ke da hurumi ba ta raba auren ba, matarsa ce. Kenan wata takwas ɗin da kuka yi kowa na ɗakinsa bai rage maka komai ba.

Sakin da ka furta kuwa, tsakaninka da Allah ne da malamai. A idon hukumar Jamus alƙali kaɗai ke raba aure a cikin ƙasar, a kotun iyali, kuma lauya ne ke shigar da takardar. Har yau kai mijinta ne a takarda.

To ga inda gizo ke saƙar. Katinka a jingine yake da zamanta a Jamus. Idan ta bar ƙasar kafin a shigar da ƙarar saki, haƙƙinka yana tafiya tare da ita, kuma sakin da za a yi daga baya ba zai farfaɗo da shi ba. Wannan shi ne hukuncin shari'ar Kuldip Singh a watan Yuli na 2015. Maza uku ne a Ireland, ɗan Indiya da ɗan Kamaru da ɗan Masar, kowannensu ya haura shekara uku da aure, amma matansu sun bar ƙasar kafin a fara shari'ar saki. Kotu ta ce sashe na 13 bai rufe su ba. A ganina hukuncin yana da tsauri, domin ya damƙa makomar mutum a hannun wanda suke rikici da shi, amma shi ake bi. Ka lura ba a ce sai an gama saki tana nan ba. Ranar shigar da ƙara ake dubawa. Idan takarda ta shiga kotu yau, matar taka ta hau jirgi bayan haka, maganar ta bambanta ƙwarai da a ce ta fara tafiya.

Matsalar ita ce a Jamus galibi ba a raba aure sai an yi shekara guda a rabe, abin da suke kira Trennungsjahr. Doka ta yarda a yi wannan rabuwa a cikin gida ɗaya, matuƙar kowa na ɗakinsa, kowa na girkinsa da wankinsa, babu hidimar aure a tsakani. Idan haka kuke, saura maka kusan wata huɗu. Lauyoyi kan shigar da takarda gab da cikar shekarar tunda kotu ba ta zama nan take, amma lauyanka ne zai faɗa maka ranar da ta dace. Don haka ka nemi lauyan da ya san harkar iyali da ta baƙi a wannan makon, kuma ka yi mata magana cikin mutunci. Ba roƙon ta dawo za ka yi ba. Abin da kake nema shi ne ta jinkirta tafiya, ta ci gaba da aikinta da rajistar adireshinta har takarda ta shiga. Na ambaci aikinta da gangan, don ana so a ga ita ma zamanta yana kan ƙa'ida har zuwa wannan rana. Ka adana kwafin takardar aurenku, da shaidar rajistar gida ta ku biyu, da duk abin da ke nuna tana aiki, tun ana ga maciji. Bayan an yi baram-baram da wuya ta ba ka.

Akwai sharaɗi na biyu da ake yawan mantawa. Bayan saki dole kai kanka ka zama ma'aikaci, ko mai sana'ar kansa, ko mai abin hannun da zai riƙe shi tare da inshorar lafiya. Aikin siton nan ka riƙe shi da kyau, yanzu ba lokacin ajiye aiki a koma karɓar tallafin Jobcenter, wato ofishin tallafa wa marasa aiki, ba ne. Idan ka cika shekara biyar a jere kana zaune bisa wannan doka, za ka nemi katin zama na dindindin, daga nan babu ruwan zamanka da aure.

Da kuna da ɗa, da an sami wasu ƙofofin: riƙon yaro, ko izinin ganinsa da kotu ta ce a Jamus za a riƙa yi. Haka wanda aka ci zarafinsa a gidan aure, mace ko namiji, ba ya buƙatar cika shekara uku, kuma a 2021 Kotun Turai ta sassauta masa ko da abokin zaman ya riga ya bar ƙasar, in dai an shigar da ƙara ba tare da dogon jinkiri ba. Ba su shafe ka ba, na kawo su ne don masu karatu.

Idan kuma ta tafi ba ta jira ba, kada ka ɓoye wa Ausländerbehörde, wato ofishin kula da harkokin baƙi, kana cewa ai katin bai ƙare ba. Kwanan watan da ke jikin kati ba shi ne haƙƙin ba, suna iya soke shi, kuma ɓoyewar takan dawo ta ci mutum ranar neman na dindindin. Abin yi a lokacin shi ne a duba ko za ka sauya zuwa izinin zama na cikin gida, ta hanyar aiki idan kana da takardar sana'a da aka amince da ita, ko ta hanyar koyon sana'a, wato Ausbildung. Idan kuɗin lauya ya yi maka nauyi, kotu na ba masu ƙaramin albashi tallafin kuɗin shari'a, sannan ofisoshin ƙungiyoyin jin ƙai na Caritas da Diakonie da AWO suna ba baƙi shawara kyauta. Ka tafi musu da katin zamanka, da takardun albashi, da ranar da kuka raba ɗaki a rubuce.